Shinkafar Baƙunta a Tsakiyar Teku

Na daɗe ina juya wannan magana kafin in rubuta, don tsoron kada maigidana ya ji. Sai na tuna shekarun da na yi ina tuƙa shi a unguwar Al-Naseem ta Riyad, ko sunana bai riƙe ba, "Ya Sadik" (wato "aboki") yake kirana, balle ya karanta Hausa. To, ga abin da ba zan manta ba har in koma ga Allah.

Wani hutun Sallah maigida ya ga wata ƙatuwar dabbar teku a waya, wadda Larabawa ke ce wa hut, irin wadda ta haɗiye Annabi Yunusa. Nan take ya ce sai ya gan ta ido da ido. Mutumin da ko tsakar gidansa ba ya tsallakawa sai a mota! Ni kuwa babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan garinmu. Ga iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, sabuntawa kuma sai da yardarsa. Wa ya isa ya ce a'a? Na tuƙa mu daga Riyad har gaɓar Jizan, ina ta karanta addu'ar Annabi Yunusa, don gara in saba tun a tudu.

Jirgin ruwan da muka shiga na wasu iyali ne: tsoho mai farin gemu, ɗansa a kan inji, 'yarsa da madubin hangen nesa. Kafin mu tashi tsohon ya ce, "Idan ta fito za mu kashe inji. Ba ma bin ta, ba a jefa mata komai. Ko ƙwayar shinkafa ta faɗa ruwa, mun juya, ni kuma a karɓe mini takardar aiki." Maigida ya gyaɗa kai irin na wanda bai ji ba. A hannuna kuwa akwai babban faranti na kabsa, shinkafa da naman rago, don a cewarsa ɗan babban gida ba ya ziyara hannu rabbana. Na ɗaura rigar ceto biyu, na tambaya ko akwai ta uku.

Mun yi nisa sai yarinyar ta nuna wani wuri. Aka kashe inji. Can nesa wani baƙin abu kamar tudu ya taso, da ƙarami a gefensa. Ta ce uwa ce da ɗanta, nono take ba shi kamar saniya.

Sai maigida ya ce, "Ya Sadik, yalla, maza! Zuba mata shinkafar, ta matso in ɗau hoto!"

Tsohon bai ɗaga murya ba. "Ɗana, kada ka zuba."

Na tsaya a tsakiya da faranti. In na zuba, na ci amanar tsoho, na tsayar masa da sana'a, ga alhakin mai jego. In na ƙi, sai jirgin sama zuwa gida. Ba dabara na yi ba, wallahi. Na zube a gaban tsohon, farantin ya sauka a tsakaninmu, bakina kuma ya faɗi abin da ya saba faɗa a majalisar maigida: "Tafaddal, ya ammi," wato "Bismilla, baffa."

Tsohon ya dube ni, ya yi bismilla, ya tsoma hannu. Duk wanda ya zauna da Larabawa ya san an gama. Janye abinci daga gaban dattijo abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki. Maigida ya haɗiye fushi, har da "Ƙara nama, ya ammi," yana hararata.

Muna cikin wannan shiru sai ga dabbar daf da mu, ba gayyata. Ta huro numfashi, wani feshi mai warin ruɓaɓɓen kifi ya sauka a kan farar jallabiyar maigida da turarensa mai tsada. Ya samu kusancin da yake nema. Da za ta nutse ta ɗaga jela, sai muka ga igiyar komar masunta ta naɗe ta, ta ci cikin nama. Yarinyar ta ɗau hoto, ta ce za su sanar da masu ceto.

Har Riyad ina ta lissafin kayan da zan tattara. Ashe da dabbar ta matso maigida ya ɗau hoto, ya kuma yi kyau. Yanzu a majalisa shi ke ba da labarin yadda ya hana jahilai zuba wa dabba abinci, ni kuma ina zuba gahawa ina cewa, "Sahihi." An sabunta iƙama.

Na koyi cewa abin da ya fi ƙarfinka ba a kiransa da shinkafa, shiru yake so, ko a teku ko a falo. Sai dai igiyar nan ta hana ni sakat. 'Yan'uwa da ke aiki a gaɓar Jizan, don Allah wanda ya san jirgin tsohon nan ya tambayar mini: an kwance mata? Ɗan ya rayu?