Ranar da Na Tura Babur ɗin Surukina har Abatuwa

Unguwar Rogo, biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar na isa ƙofar gidan surukina, Alhaji Ɗanladi, wanda duk muke kira Baba. Na tarar har ya fito da babur daga zaure, ya naɗe wuya da rawani saboda sanyin damina, yana jirana. Tafiyar tamu ko Jos ba ta fita ba, amma na taɓa zuwa Legas a bayan motar tumatir ban jigata kamar ranar nan ba.

Bari in faɗi laifina tun yanzu. Baba ya haura saba'in, idonsa ya fara yana, kuma cikin wata biyu sau biyu ana tsamo shi daga kwata. Duk da haka kullum sai ya hau babur ya tafi Katako, inda ya yi shekara arba'in yana sayar da katako, ya zauna da abokansa har la'asar. Ranar Alhamis surukata Hajiya ta aika a kira ni. Ta bayan labule ta yi maganar, ina tsugune a tsakar gida: "Malam Sabo, kai da ka san kan injin keken ɗinki, ka yi wa abin nan yadda ba zai ƙara tashi ba. Ba na so a kawo mini gawa." Ni kuwa ban iya ce wa suruka a'a ba. Na shiga zaure, na buɗe murfin gefe, na zare wata siririyar waya daga jikin rile, wato ɗan akwatin da ke tura wutar batir zuwa sitata mai tayar da inji idan an danna maɓalli. Don kada ta riƙa lilo a gan ta, na ciro koren zare daga aljihu na ɗaure ta a bayan batir.

Babur ɗin ya girmi matata. Kik ɗinsa na tayarwa da ƙafa haƙora sun cinye tuntuni, an cire an yar, saboda haka in sitata ta ƙi, sai turi. Na ɗauka Baba zai haƙura ya zauna a gida. Ranar Juma'a da yamma sai ga saƙonsa, wai gobe in zo in raka shi wurin mai gyara.

"Tela, ka karya?" in ji shi.

"Na karya, Baba." Ko ruwan zafi ban sha ba, amma wa ke gaya wa suruki yunwa yake ji?

"Madalla. Ni zan riƙe kai, kai ka riƙe baya."

Ya sa giya ta biyu, ya matse kuloci, na sunkuya na tura. Da muka kama gangare ya saki, babur ya yi tari ya kama, na bi da gudu na ɗare baya. Shida saura minti goma muka bar unguwa.

Katako, bakwai da kwata

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne gaisuwa. Babur ɗin nan ba ya tsayawa da rai in an sakar masa mai, Baba kuma ba ya gaida mutum da hannun hagu. Duk wanda ya ɗaga masa murya sai ya saki mai ya ɗaga dama, inji ya mutu, ni in sauka. Jos gari ne na tudu da gangare, amma ban san yadda aka yi ba, duk mutanen Baba a gindin tudu suke zaune. Tafiyar kilomita uku, sau biyar na tura.

A bakin kasuwa dariya ta fita daga raina. Wani mai amalanke ya fito daga lungu da dogayen katakai, Baba ya nufe shi kai tsaye ba ko alamar birki. Na kurma ihu, "Baba, katako!" Ya kauce a makare, bakin katakon ya shafi hularsa. Na ce a raina Hajiya ta fi mu gaskiya.

Muka tsaya wurin Iliya mai cajin batir. Ya danna hon, ya yi ƙara har awaki suka watse. Ya kunna fitila, ta haska tar. Ya ɗora mita a kan batir, ya ciro fis ya ɗaga shi sama ya duba.

"Alhaji, batir lafiya, fis lafiya. Danna mu ji."

Baba ya danna maɓalli. Shiru.

"To, ka ji. In batir ne ya yi sanyi, za ka ji tana ƙoƙarin juyawa. In sitata ce ta gaji, rile zai ce ƙas. Amma shiru ɗungurungum, wuta ce ba ta kai wa rile. Ko maɓalli, ko wata waya ta fita." Ya kai hannu zai leƙa bayan batir, daidai inda na ɓoye wayar.

Baba ya riƙe masa hannu. "Bar shi, Iliya. Wayar babur ɗin nan makanikena Lasisi kaɗai ke taɓa ta."

Na ji daɗi, har sai da na tambaya ina Lasisi yake. Aka ce Abatuwa, unguwar mahauta, can ɗaya ƙarshen garin.

Shingen hanya, tara da rabi

Kafin kasuwar Taminus akwai wani hawa da ba zan manta da shi ba. Babur ya mutu a tsakiyarsa, Baba ya ce gwiwarsa ba ta son tafiya, don haka da shi a kai na tura. A saman hawan muka tarar da masu kaki suna tare 'yan acaɓa.

"Baba, ba ka san an hana acaɓa cikin gari ba?" in ji ɗaya.

"Ɗana, ka taɓa ganin acaɓar da fasinja ke turawa? Wannan surukina ne, tumbi ya fara ajiyewa, nake taimaka masa."

Suka yi ta dariya, suka duba takardu suka miƙo. Biyu daga cikinsu har suka taya ni turi. Allah Ya saka musu, su kaɗai suka tausaya mini a hanyar nan.

Taminus, sha ɗaya

Muna isa ruwa ya sauko. Muka raɓe a rumfar wani abokin Baba mai sayar da yadi, aka aiko da masa da miyar taushe, tana tururi.

"Tela, bismilla."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Ya shige ciki da kwanon. Ina jin ƙarar cokali, ga sauran kilomita huɗu a gabanmu, yawancinsu hawa. Nan na yanke shawara: Hajiya ta yi haƙuri, rai ɗaya gare ni. Na juya baya, na buɗe murfin gefe, na fincike wayar daga inda na ɗaure ta, na mayar da ita mazauninta. Na waiga hagu da dama, na murɗa makulli, na danna.

Ƙas. Shi ke nan.

Na sake dannawa. Ƙas. Sitata ko motsi. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, garin wasa da waya na ƙone wa bawan Allah babur. Ina cikin haka Baba ya fito yana goge baki. Ya hau, ya danna don gwaji, ya karkata kunne.

"Ikon Allah," in ji shi. "Da safe bebe ne, yanzu ya fara koyon magana. Tura mu je, Tela."

Abatuwa, ɗaya da rabi

Mun yi azahar a hanya, muka isa ana tayar da jam'i na biyu a wani masallacin mahauta. Ƙamshin balangu ya cika unguwar, na kau da kai. Shagon Baba Lasisi ɗan ƙarami ne a bayan masu ƙona ganda. Bayarabe ne, sa'an Baba, a Jos ya tsufa, amma Hausarsa har yau ba ta raba mace da namiji.

"Alhaji! Wannan tsohuwa bai mutu ba har yanzu?"

"Ni ko babur?"

"Duka biyu, oga."

Bai yi gaggawa ba. Ya danna, ya ji ƙas ɗin, ya ce maɓalli da rile suna amsawa. Ya ɗauki sukundireba ya haɗa manyan ƙusoshi biyu na rile, don wuta ta tafi sitata kai tsaye. Ɗan tartsatsi ya fito, sitata ba ta juya ba. Ya kankare wayar da ke haɗe da jikin inji ya ɗaure ta tamau, duk ɗaya. Sai ya ce Baba ya danna ya riƙe, shi kuma ya ƙwanƙwasa jikin sitata da gindin sifana. Ta yi gurnani sau ɗaya ta tsaya.

"Yauwa. Ciwo tana ciki."

Ya kwance ƙusa biyu ya zaro ta, ya buɗe a kan tsumma. Baƙin gari ya zubo. Ina leƙawa na gane matsalar, domin injin kekena ma haka yake yi: gawayin nan biyu da ake kira burushi, masu goga wuta a jikin tagullar da ke juyawa, sun cinye saura ɗan guntu, tagullar kuma ta yi baƙi ƙirin. Ashe sitatar ta riga ta mutu da kanta. Gawa na je na yi wa kisa, na kuma tura ta kilomita goma.

Burushin irin wannan tsohon babur ba a samunsa a kasuwa yanzu. Lasisi ya zazzage wani gwangwani ya fito da na janareta, sun ɗan fi girma, ya ce sai an goge su. Idonsa shi ma ya ja baya, don haka ni na karɓi sanfefa. Rage abu daidai awo sana'ata ce. Na goge su har suka riƙa shiga gidansu suna fita ba cijewa. Shi kuma ya goge tagullar har ta yi ja, ya sosa tsagoginta da allura, ya liƙa wayoyin burushin da dalma, ya ɗan shafa giris a bakin sandar, ya mayar da komai.

Yana rufe murfin gefe sai ya tsaya. Ya ɗago siririyar wayar nan da yatsa. Ga ƙullin koren zarena a jikinta, har da ɗan jelarsa.

"Alhaji, wane ne ta ɗaure waya da zaren ɗinki?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ko kallona bai yi ba.

"Ɓeraye ne, Lasisi. Na unguwarmu sun fara koyon sana'a."

Ya hau, ya taɓa maɓalli. Babur ya tashi tun kafin ya ɗage yatsa. Ya kashe, ya sake dannawa. Sau huɗu ya yi haka, yana murmushi shi kaɗai. Lasisi ya karɓi kuɗin aikinsa, ya ƙi karɓar na burushi, wai tela ne ya ɗinka su.

Hanyar gida, huɗu da kwata

Mun fito bakin titi Baba ya tsaya, ya kafa ƙafa. Na sauka da sabo, na kama baya zan tura.

"Ranar Laraba ƙas yake yi," in ji shi, yana kallon gaba. "Ranar Juma'a na tarar ya yi shiru. Ciwo ba ya canja murya shi kaɗai a zaure, kuma tela ɗaya gare ni a dangi."

"Baba, ka gafarce ni."

"Ka biya da ƙafarka." Ya juyo ya dube ni. "Amalanken nan na Katako ban gan shi ba, Sabo. Ihunka na ji. Na jima da sanin lokaci ya yi. Amma fiye da shekara talatin ina kan babur ɗin nan, ba zan sauka don an zare mini waya a ɓoye kamar ƙaramin yaro ba. Da lafiyarsa nake so in sauka, kuma da bakina."

Ya ja jiki ya koma kujerar baya, ya dafa ta gaba. "Hau."

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na hau, idona ya cika, na ɗora wa iska laifi. A hanya ya sa na tsaya, ya sayi balangu ya cusa mini a aljihu, ya ce in ci in na je inda ba suruki.

Unguwar Rogo, biyar daidai

Hajiya ta ji ƙarar inji tun daga kan kwana. Ta leƙo zaure ta shirya mini kallon da zan mutu da shi, sai ta ga wanda ke gaba da wanda ke baya. 

"Hajiya, na yi direba," in ji Baba. "Kullum bakwai zai kai ni Katako, la'asar ya ɗauko ni. Ke kika zaɓo shi, ai kin san amanarsa."

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu da ƙafafunmu. Na gode wa Iliya, da Baba Lasisi, da bayin Allah biyun nan na shinge. Masu kawo mini ɗinki kuma su yi haƙuri, shago ba ya buɗewa yanzu sai takwas. Kullum da safe ni ke zama gaba in riƙe kai, amma ba na taɓa maɓallin. Ina jira ne har Baba ya gyara zama, ya miƙo hannu ta gefena, ya lalubo shi ya danna.