Madarar da Na Saya wa Yaya Sani

Shekara biyar ke nan da muka binne yayana Sani a nan Greensboro. Duk shekara sai in ɗauki biro in ajiye, domin akwai abin da na ɓoye wa matarsa, Anti Hadiza, kuma ba zan iya rubutu a kansa in tsallake shi ba. Abin da ya sa na kasa ajiyewa bana wata jarkar fetur ce.

Duk mai sana'ar yankan ciyawa irina ya san jarkokin da suka cika shagunan titin Wendover yanzu. An ce an yi su ne don kada mai ya zube. Sai ka murɗa wani zobe, ka kafa bakin a tanki, ka danna da ƙarfi, duk kana rungume da galan biyar. Babu hudar iska a baya, don haka man yana fitowa yana shaƙuwa, can sai ya feso maka a takalmi. Ni dai tunda nake ban taɓa ɓarin fetur kamar yadda na yi da jarkar hana ɓari ba.

Da Yaya na raye da ya yi dariya har da hawaye. Kafin ya zo Amurka ya daɗe yana bumburutu a Katsina, wato sayar da fetur a galan a bakin titi. Yakan yanke gorar ruwa ya yi mazurari, ya cika tanki ko ɗigo bai faɗi ba. Na san abin da zai ce: wanda ya ƙera wannan bai taɓa zuba mai da hannunsa ba. Na kuma san abin da zai yi bayan dariyar, zai cire bakin ya jefar ya nemo tiyo. Nan ne gabana yake faɗuwa.

Ranar da abin ya faru muna aiki a wani gida a unguwar Sedgefield, injin yankan ciyawa ya mutu a tsakiyar fili, mai ya ƙare. Ni aka aika tun safe in cika jarka, na manta. Bai ko yi mini faɗa ba. Ya zaro tiyo daga bayan kujerar tsohuwar akori-kurarmu, ya zura a tankinta, ya zuƙa da baki kamar yadda ya saba yi a gida. Sai ya ƙware. Ya durƙusa yana tari, idonsa ya yi jajir.

Na ce, "Yaya, mu tafi asibiti, emajansi."

Ya ce, "Kai, Bashir, yau na fara shan fetur? Je ka sayo mini madara, ita ke kashe shi."

Na je na sayo. Haka kowa ke yi a gida, haka na taso na gani. Ya sha, muka ƙarasa aikin, na sauke shi a ƙofar gida na tafi. Sai a rana ta uku, da numfashi ya gagara, aka kai shi asibiti. Likita ya ce man ya shiga huhu, inda madara ba ta zuwa. Bai kwana biyu a can ba ya cika. Anti ta san fetur ne sanadi, amma ba ta san ni na manta da jarkar ba, ba ta san ni na miƙa masa kwalin madarar ba.

Watan jiya ina aiki a wani gida a unguwar Irving Park, matar gidan na jiran baƙi, ta leƙo sau uku tana duba agogo. Man injin ya ƙare ƙaf, sabuwar jarkar ta ƙi ba da mai, zoben ya cije. Zufa na shiga idona, raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na je mota na ɗauko tiyon ba, domin yana nan inda Yaya ya bar shi. Na zura shi a jarka, na kai ɗaya bakin tiyon leɓena. Warin ne ya tsayar da ni. Na jefar da shi, na yanke gorar ruwana na yi mazurari, na kwance bakin jarkar na zuba a hankali.

Abin da ya rage mini na Yaya ke nan: hannunsa mai zuba mai ba ɓari, da gaggawarsa, duk biyun suna jikina, kuma na tsorata da yadda ta biyun take kusa. Ina kewarsa, ina kuma jin haushinsa har yau. Allah Ya jiƙansa.

Da na tashi aiki na wuce gidan Anti da warin fetur a rigata, na faɗa mata komai ina tsaye.  Ta ce, "Zauna, Bashir. Kai kwali ɗaya ka saya masa. Ni kwana biyu na yi ina ɗumama masa ita."