Tuwo da Awon Tela

Ina cikin yanka yadi a shagona na Sabon Gari wayar ta shigo. Yayar matata ce daga Jiratawa. Ta yi sallama, sannan ta ce, "Malam, sai haƙuri." Kwana tara ke nan da matata ta tafi wurinta jinya, kuma ko jiya an ce mini ta samu sauƙi har ta sha fura. Na ajiye almakashi, na rufe shago, na tsayar da ɗan kabu-kabu.

Ta bar mini ƴa ɗaya, mai shekara bakwai.

Bayan sadakar arba'in mata dangin matata suka zo daga Tibiri suka kwashe kayanta. Haka ake yi. Kayan mace nata ne, rabon yarinya kuma kakarta za ta adana mata. Sai da suka tafi na leƙa madafa, na ga ashe shekara tara nake cin abinci a gidan nan ban mallaki ko ludayi ba.

Ba a daɗe ba surukata ta aiko cewa idan lakwal, wato makaranta, ta yi babban hutu za ta ɗauki yarinyar, don ba a renon ƴa da abincin saye. Gaskiya ta faɗa. Da rana shinkafa da wake nake sayo mana, da yamma tuwon bakin hanya. Yarinyar takan yi loma uku ta ture kwano. Siket ɗin da na ɗinka mata da sallah sai da na rage masa ƙugu. Amma ita kaɗai ta rage mini, kuma ban san yadda zan shiga gidan nan ba idan ba ta ciki.

Saura wata huɗu hutu. Na shiga kasuwa na nuna tukunyar da ta fi cika mini ido. Mai tukwane ya ce, "Biki za a yi, Malam?" Kunya ta hana ni cewa mu biyu ne, na ce ya ɗaura mini ita a bayan moto, wato babur. Na kuma sayi littafin girki na Faransanci mai hotuna. Karatuna bai wuce aji shida ba, da yatsa nake bin layi. Kowane shafi sikeli yake nema, ko tanda irin ta masu burodi. Babu tuwo a ciki, babu kuka, babu daddawa. Duk da haka na gwada shinkafa. Ta kwanta can ƙasan ƙatuwar tukunyar ta ƙone.

Wata Juma'a sai ga surukata ba sanarwa. Tun da na auri ƴarta ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta wuce madafa, ta jima a ciki, sannan ta kira jikarta.

"Ke, je ki tambayi ubanki, sojoji zai ciyar?"

Yarinyar ta fito tana danne dariya. "Baba, wai sojoji za ka ciyar?"

Rabona da ganin haƙoranta tun kafin rasuwar.

"Wannan littafi kuma fa? Tambaye shi, hoto kuke ci a gidan nan?"

Washegari ta sa mu gaba zuwa kasuwa, ita da jikarta a jere, ni a baya. Ta sa mai tukwane ya karɓi tasa ya ba mu ƙanana biyu, ta tuwo da ta miya. Kowacce sai ta ƙwanƙwasa ta, ta ɗaga ta wajen rana ko akwai huda. Ta zaɓi muciya mai kauri, ta ce hannun namiji zai karya siririya. Sai mara, da maburgi, da rariya, da ludayi, da wuƙa guda. Na miƙa hannu ga wasu faranta masu fure.

"Gaya masa ya ajiye. Bai dafa ba tukuna."

Mako guda ta yi a gidan. Tana zaune kan kujera ƴar tsugune, ina tsaye daga bakin ƙofa, magana tana bi ta bakin yarinyar. Inda na sha wuya shi ne awo. Ruwa daidai, gari kaɗan, a bar shi har ya yi. Ni kuwa hannuna yadi kawai ya sani. Ran na uku na ɗauko tef ɗina. Da ta zuba ruwa na tsoma muciya, na auna inda ta jiƙe, na yi tsaga da reza a wurin. Garin masara na auna da gwangwanin tumatir. Na rubuta duka a littafin da nake rubuta kafaɗa da tsawon hannun mutane.

"Gaya wa ubanki tuwo ba wando ba ne."

Haka ta ce. Amma washegari da ta ɗebo kuka sai ta tsaya da ita a tafin hannu, ta kau da kai gefe, har na zo da cokali na auna. Haka ta yi da daddawa, haka da kanwa. Tsohuwar da ba a daɗe da binne ƴarta ba, ta tsaya tana jiran suruki ya gama rubutu. Ban taɓa iya gode mata da baki ba. Addu'a nake yi mata.

Ranar da za ta koma ni kaɗai na yi girkin. Tuwon ya yi gudaji, miyar ta ji gishiri. Yarinyar ta cinye nata ta miƙo kwano na ƙara mata. Kakarta tana kallo daga ɗaki.

A zaure ta tsaya ta gyara mayafi. Wannan karon ba ta kira jikarta ba.

"Malam, ta yi wannan hutun a nan. Ma sake magana."

Babban hutu biyu ya wuce tun daga ranar. Littafin awon ya ƙara shafuka, akwai miyar kuɓewa da kwaɗon zogale da yayar matata ta koya mini ta waya. Surukata tana zuwa jefi-jefi, ta leƙa madafa, ta riƙe hannun jikarta ta duba. Ba ta ce ta bar mini ita ba, ni ma ban tambaya ba. Har yau ba mu sake maganar ba.