Duron Baƙin Mai a Lambun Yaya

Ni dai karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma na ukun rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Saboda haka ranar da kamfanin da ke haɗa motocinmu ya aiko da duro biyu tashar Bodinga, koraye shar da rubutun boko a jiki, ban karanta komai ba. Fentin kawai na gani, ya kuma burge ni.

Zamanin siyasa ne, kafin soja su dawo. Ina jan akori-kura, ina kwasar albasa da gero tsakanin kasuwar Bodinga da ta Shagari. Mutumin da kamfanin ya turo, wani siriri mai tabarau, ya tara mu direbobi da makanikai ya ce daga yau in an yi wa mota juye, kada a ƙara zubar da tsohon baƙin mai a ƙasa. A zuba a duro, su za su riƙa zuwa suna ɗauka. Ya ce man nan in ya shiga ƙasa tafiya yake yi har ya iske ruwa.

Na ɗaga hannu na ce, "Yallaɓai, shi man ƙahwa garai?"

Anka kwashe da dariya. Sarkin tasha ya harare ni ya ce, "Tunda bakinka ya hi na kowa, kai as sarkin duro." Haka na samu sarauta ba rawani.

Sau biyu sunka zo sunka ɗauka. Daga nan anka shiga tsuke bakin aljihu, taya ta yi wuya, sabulu ma sai an bi layi. Munka ji kamfanin na sallamar ma'aikata. Motar ɗaukar mai ba ta sake leƙo mu ba. Duro ɗaya ya cika har baki, sarkin tasha ya ce in san yadda zan yi da shi.

Ni kuwa na ga garaɓasa. A ƙauye baƙin mai abin nema ne: a shafa wa azara don gara, a shafa wa jaki mai ƙazwa. Na sa anka ɗora mini duron a mota na kai garinmu, can wajen Shagari. To ina zan ajiye kada a sace? Mu abin da muke so ya daɗe binne shi muke yi, tun daga gindin randa har 'yan kunnen tsohuwa. Na shiga lambun yayana da tsakar rana ba kowa, na nemi inda ƙasa ta fi taushi don kada in wahala. Inda ta fi taushi kuwa kusa da rijiya ne. Na haƙa, na gangara duron, na rufe, na share sawu. Har na yaba wa kaina dabara.

Ba a jima ba motar ta kwanta, babu kayan gyara, na dawo gida zama. Damina biyu ta wuce a kan duron, ta biyun ma sunanta kawai damina. Rijiyoyin unguwarmu sunka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ta lambun Yaya kaɗai ta rage. Gida bakwai ke sha daga cikinta, ita ce kuma ke riƙe da albasar da Yaya ya dasa bayan gero ya ƙi.

Wata safiya matar Yaya ta sauke tulu gabana. Da ma ni da ita ba ma rabo da tsokana.

"Direban jaki, taho ka sunsuna. Ruwan ga warin rigarka shikai."

Na sunsuna. Warin baƙin mai ne.

"Guga ta," na ce. "Ba da tsohon tiyub anka yi ta ba? Ku sake guga."

Anka sake guga, anka ɗauko wasaki na fata. Wari bai tafi ba.

Kwana uku ban san ɗanɗanon tuwo ba. Kullum da an sallame asuba sai in zaga lambu in leƙa. In rana ta ɗan haska, sai ka ga wani maiƙo kwance a kan ruwan, launi-launi kamar bakan gizo. Nakan auna daga bakin rijiya zuwa inda na yi binnen: taku goma. In sake aunawa da ƙananan taku ya zama sha biyar, in ɗan ji sanyi, kamar man zai yarda da irin awona. Bakin ganyen albasa ya fara ja a fangalin da ke kusa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta wuni tana amai. Wasu sunka ce aljanu ne sunka tare a rijiyar. Na gyaɗa kai da ƙarfi, don ban taɓa son aljanu kamar ranar ba.

Amma matan gida bakwai ba su daina ɗiba ba, don babu wata. Duk tulun da ya wuce ta ƙofarmu sai in bi shi da ido har ya shige gida.

Rana ta huɗu na iske Yaya yana jan jigo.

"Yaya, ina da magana."

"Hwaɗi, ina jin ka."

"Ba aljannu na ba."

Ya saki igiya ya juyo. "Mi kay yi?"

Na faɗa masa, ina duban yatsun ƙafata. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya shiga bukka ya fito da diga ya miƙo mini, ya aika a gaya wa mata kada wadda ta ƙara sha.

Da munka tono duron, ni kaɗai na iya jijjiga shi, abin da mutum uku sunka ɗora a mota. Tsatsa ta cinye gindinsa. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ƙirin, ta yi jela ta nufi rijiya. Kwana huɗu muna kwashe baƙar ƙasar a mangala, jakuna na kaiwa can kan tudun duwatsu. Sannan anka zo yasar rijiya.

"Wa za ya shiga?" in ji wani.

Yaya ya ce, "Wanda yab binne."

Anka ɗaura mini igiya a ƙugu anka zura ni. Ina ciki ina cika wasaki da laka, na sama na leƙowa suna cewa, "Sarkin duro, ranka shi daɗe, yaya hwada?" Sau uku munka kwalfe ta tas, muna jiran sabon ruwa ya tsattsafo. Kowane karo Yaya zai ɗiba a ƙwarya, ya kai hanci, ya daɗe. Ni kuma in tsaya ina karanta fuskarsa, karatun da na iya ke nan.

A karo na uku ya zubar da ruwan a hankali ya ce, "Ba a shan ta."

Anka rufe bakinta da itace da ƙaya. Rabin albasar ta tafi. Tsohuwar ta warke, alhamdu lillahi. Ni kuma tun daga ranar har ruwan sama ya sauka, ni ke kora jakuna biyu zuwa wani ƙauye mai nisa ina ɗebo wa gida bakwai ruwa, safe da la'asar.

Da kaka ta yi, Yaya ya ce a haƙa sabuwa a ɗaya ƙarshen lambun. Ya zaga, ya zaga, ya tsaya a wani wuri ya zana da sanda. Na ɗaga diga ke nan ya riƙe mini hannu.

"Tsaya tukuna. Nan ma akwai ajiyarka?"

Na rantse babu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya saki hannun.