Hwayil ɗin Gwaggo

Ina hutun zangon farko na jami'a gwaggona ta aiko a kira ni. Ita ce shugabar wani ƙaramin asibiti a wajen Zagga, kuma an gaya mata in ba ta gyara Turancin rahotonta na wata-wata ba, wata za a ba kujerar. Matar da ke duba marasa lafiya da Hausa da Fulatanci da Dandanci, har da na tsallaken iyaka, ita ce wai ba ta iya magana ba.

"Ke ce mai karatu," in ji ta. "Zo ki raka ni in zaɓi malami."

Na farko ya kama shago a Bagudo, ya sa kwat cikin zafin bazara, yana ta zufa. Ya ce gwanin Turancin ofis ne. Gwaggo ta miƙa masa takardunta, ta ce, "Ga hwayil ɗina."

Bai karɓa ba. Dariya ya yi.

"Hajiya, ga ciwonku nan, mutanen Kabi! Fayil ake cewa. Ciji leɓe. Fff!"

Mace mai jikoki ta zauna tana hura iska kamar mai fifita garwashi, shi kuwa yana kaɗa biro. Kusan awa guda, ko buɗe rahoton bai yi ba. Ni ban iya musu da manya, sai na sunkuyar da kai ina karanta takardar tallarsa. Kuskure bakwai na samu. Kalmar professional da ya kira kansa gwani da ita ma ya ninka mata harafin f ɗin da yake koya mana, ya cinye s ɗaya. Na zagaye su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, na aje masa a kan tebur.

A waje Gwaggo ta ce, "Ɗiyata, mi kika gani?"

"Ya iya fff," na ce.

Washegari muka je Kende wurin wani tsohon malamin sakandare. Ba kwat, ba allo. Ya ce, "Wa ke karanta rahoton, kuma me yake nema ciki? Kawo in gani."

Gwaggo ta dube ni, ta gyara zama.

Har yau ita ce a kujerar. Har yau hwayil take cewa, ba kuma wanda ya taɓa jin hakan a rubuce.