Barewar da Mal-sun Ta Ƙi Feɗewa

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Hwacheon, duk naman da aka harbo ƙofar tsohuwa Mal-sun ake kai shi. Ita ke fiɗa tun tana budurwa, kuma ba ta sa wa dabba wuƙa sai ta sunsuna cibiyarta. Mukan yi mata dariya.

Ran nan da hantsi ƙanenta Deok-bae ya sauko da 'yar barewa a kafaɗa, marar ƙaho, dogayen haƙora biyu sun leƙo daga bakinta.

"Yaya, ga ɓarauniyar wakenki. Barewar ruwa ce, ta gama ɓarna."

Mal-sun ta durƙusa ta sunsuna. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Kai sakarai, me zai kai barewar ruwa kan tsauni? Ba ka ga farin zanen wuyanta ba? Mai almiski a cibiya ce. Dabbar Mai Dutse, aljanin tsaunin nan, ka harbo."

"Haba Yaya, ai haƙoransu ɗaya!"

"Haka mijina ya ce."

A shekarar da mijinta ya harbi irinta, ya hau dutsen nan bai dawo ba, takalminsa kaɗai aka samo.

Ta mayar da wuƙa kube, ta rufe ƙofarta.

Deok-bae ya binne barewar, ya wanke hannu da sabulu da toka, ƙamshin almiskin ya ƙi fita. Karnukansa suka daina kusantarsa. Jiya dusar ƙanƙara ta sauka, yau da safe muka ga sawunsa ya nufi dutse, babu na kare ko ɗaya a bayansa.