Kaset Guda Tsakanin Dogarawa da Abijan

Hawa'u ƴar mai shela ce. Ubanta shi ke zagaya Dogarawa da ganga a kafaɗa in an yi rasuwa ko raƙumi ya ɓata, muryarsa har bayan gari ana jin ta. Sai Allah ya ba shi ɗiyar da ba ta gaji ko ƙwayar bakin nan ba. Za ka wuni a gidanta tana daka, tana tankaɗe, ka tashi ba ka san kalar muryarta ba. Maƙwabta kan ce tsohon ne ya cinye rabon gidan duka.

Ɗanta na fari, Iliyasu, ya tafi cin rani Abijan, cin ranin ya zama zama. Da farko saƙon baka yake aikowa, shi kuwa saƙon baka an san halinsa: ya baro Abijan yana gaisuwa, ya iso Dogarawa ya koma tsegumi. Daga baya ya aiko mata da rakoda. Yakan cika kaset da hira ya ba Sallau direba, mai kai albasa can. Hawa'u ta saurara ita kaɗai, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har pil, batirin rakodar, ya yi sanyi. In Sallau zai koma, sai ta danna jan maɓalli ta ɗora amsarta a kan maganar ɗan. Haka kowa ke yi, wa zai nemi sabo ga na hannu? Amsar ba ta da tsawo, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi.

"Kai, lahiya muke. Hatsi ya yi. Ka riƙe salla."

A haka kaset ɗaya ya yi shekaru yana kai da kawowa, har rubutun jikinsa ya goge.

Shekarar da aka kafa ƙarfen salula kusa da hanyar Konni, Chindo mai kanti ya sayi waya. Wata ranar kasuwa aka aiko Hawa'u ta zo kanti maza, Iliyasu na jira. Ta tarar da rabin gari a rumfar, har da waɗanda ba su da kowa a Abijan. Aka kara mata abin a kunne, ta ji muryarsa kamar yana tsaye a bayanta.

"Inna, ni na. Kina ji na? Inna, ki yi magana mana!"

Idanu duk a kanta. Ta ce, "Lahiya lau," ta miƙa wa Chindo kayansa. Aka kwashe da dariya.

Abin ya tsaya mata a rai. Kaset ɗinsa na baya-bayan nan yana cikin rakoda. Ta ja ƙofa, ta danna ja, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ba shi labarin akuyar da ta haifi biyu, da katangar da damina ta kayar, da ranar da aka haife shi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta ce tana marmarin ganinsa. Fuska ɗaya ta cika, ta juya, ta cika ɗayar. Har sunansa ta kira.

Kaset na hanya wayar Chindo ta yi ƙara. Ciwon ciki ne ya kama Iliyasu, an kai shi likita, bai tashi ba, har an rufe shi. Liman ne ya zo ya faɗa mata. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi. Mata suka yaba da dauriyarta, alhali ba dauriya ba ce. Ta laluba cikinta ne ba ta tarar da komai ba, ba kuka, ba zafi. Ta ci gaba da daka da tankaɗe kamar aikin wani aka ba ta.

Bayan sadakar arba'in Sallau ya dawo da jakar tufafin Iliyasu, ya durƙusa a bakin ƙofa ya zaro kaset daga aljihu.

"Inna, na iske an yi. Bai samu ji ba."

Ta san sarai abin da ta yi wa kaset ɗin. Duk da haka ta sa sabon pil ta zauna, ko an bar ɗan guntun maganarsa a ƙarshen zare, ko tari ne, ko gyaran murya. Ta ji wata tsohuwa na ta zuba a kan akuya da katanga. Ta juya, tsohuwar ce dai, har maɓalli ya ɗaga da kansa.

Da la'asar ta yafa zane ta nufi kanti. Ta jira masu sayayya suka watse.

"Chindo, maganar da ya yi rannan, tana nan cikin abin ga?"

"A'a, Inna. Wanga ba ya ajiya. In an hwaɗi, ta wuce."

Ta ce, "To." Ta ɗan tsaya, sannan ta ce ya ba ta ashana, kada a ce don haka ta zo.